Yakuwar Yallaɓai

Ranar Talata ce da hantsi. Ina tsaye gaban sinki ina wanke waken ƙosai, hannuna duk ɓawo, waya ta yi ƙara a kan firij. Lambar ban san ta ba. Na goge hannu a zani na ɗauka. Baturiya ce, tana magana da sauri irin tasu. Ni kuwa Turancina na kanti ne, na "nawa ne" da "na gode". Cikin duk abin da ta zubo, kalma uku na cafke: husband, hospital, sai sorry. Sorry ɗin nan ta maimaita shi.

Sai daga baya na san ba takalmi na fita. Na je na dinga dukan ƙofar maƙwabciyata Nanret, da muke kira Maman Abby. 'Yar Pankshin ce, nas, ta dawo daga aiki ke nan ta kwanta. Ta buɗe da hular barci a ka, na tura mata wayar a kunne. Tana ta "yes, yes," sai na ga ta dafa bango. Ta dube ni, ta kau da kai.

"Furera, shigo ki zauna tukuna."

"Faɗa mini a tsaye, Maman Abby."

"Zuciyarsa ce. A wurin aiki ya faɗi. Sun yi iya ƙoƙarinsu."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Waken nan a sinki ya kwana ya yi tsami, ba wanda ya tuna da shi.

'Yan'uwana masu bin wannan shafi, ku yi haƙuri da rubutuna. A aji shida na tsaya, sai Islamiyya. Yadda abin ya zauna mini a ka, haka nake juye muku shi. Kuma ba za ku ji na kama sunansa ba. Mijina ne na fari, ɗan kawuna ne kuma, taubashina tun muna wasan ƙasa a Zariya. Ni Yallaɓai nake ce masa don tsokana, shi kuma Baƙauyiya yake ce mini. Da sunan nan ya ɗauko ni daga gida ya kawo ni Alexandria ta Amurka, bene hawa na goma sha ɗaya, inda in ka leƙa baranda motoci suke zama kamar tururuwa.

Gyaran esi da na'urar ɗumama gida yake yi, Litinin zuwa Juma'a. Asabar kuwa tawa ce. Da an yi sallar asuba an ɗan kishingiɗa, sai in ji yana kaɗa makullin mota a kunnena.

"Baƙauyiya, ɗaura ɗankwali. Yau za a waye da ke."

"Ina za mu?"

"Ba a tambaya. Dokar gidan nan ke nan."

Sai in zuba shayi a fulas, in cika kula da dambu ko waina, in ɗauki darduma biyu. Ba ma yin nisa. Cewa yake mutane na hawa jirgi su je kallon duniya, alhali ga duniya a bayan gidansu ba su taɓa leƙawa ba.

Ya kai ni Fort Washington, wata tsohuwar ganuwa ta jan bulo a bakin kogi, da igwa manya-manya suna kallon ruwa. Ya buɗe hannu ya ce, "To ga ganuwar Zazzau ta biyo ki, sai ki daina kukan gida." A kan ciyawa muka yi la'asar. Ina sallamewa na ga bareyi a tsaye kusa da mu, suna kallonmu kamar mun ci musu wuri.

"Yallaɓai! Nama na yawo ba mai shi!"

"Taɓa shi ki gani. Yau a hannun 'yan sanda za ki kwana, ni kuwa ban san ki ba."

Ya kai ni Old Town, tsohuwar unguwar bakin kogi, cin ƙaguwa. Ni da ko a rafin garinmu ban taɓa jin an kira ƙaguwa abinci ba. Aka shimfiɗa mana takarda a tebur, aka ba kowa 'yar gudumar katako. Na ɗaga hannu irin na daka na sauke. Ƙafar ƙaguwar ta yi tsalle ta faɗa cikin kofin wani dattijon Bature. Na so ƙasa ta tsage in shige. Yallaɓai yana ba shi haƙuri yana dariya har da hawaye, dattijon kuma ya tsamo ƙafar ya miƙo mini da hannu biyu.

Bara, da kaka, ya kai ni bikin manoma a Upper Marlboro. Can na ga an yi wa akuya wanka da sabulu, an taje mata gemu, an zagaya da ita ana tafi. Na ce wallahi akuyar nan ta fi ni gata, ni ko ranar aurena ba a taje ni haka ba. A hanyar dawowa ya ƙi bin taswirar waya, wai hanya a kansa take. Muka ɓace. Muna bin wani ƙaramin titi tsakanin gonaki, sai idona ya faɗa kan wasu jajayen karare a bayan shinge.

"Tsaya! Yallaɓai, tsaya!"

"Mene ne? Maciji?"

"Yakuwa ce!"

"Ke dai yunwa ce ke damunki. Yakuwa a Amurka?"

Ita ce kuwa. Gonar wata tsohuwa ce baƙar fata, Madam Constance, tana ba 'yan Afirka hayar kunyoyi kowa ya shuka abin garinsu. Ga kuɓewa, ga gauta, ga rama, ga tattasai. Na tsinki ganye ɗaya na sa a baki. Tsamin nan yana taɓa harshena na ga tsakar gidanmu, na ga Inna a bakin murhu tana tuƙa fate. Na tsaya cikin gonar mutane ina kuka kamar yarinya. Ranar bai tsokane ni ba. Ya dai tsaya yana kallona, sannan ya wuce wurin tsohuwar.

Da sanyi ya wuce, a watan Mayu, ya kama mana kunya uku. Mai kunyoyin da ke kusa da namu, wani mutum mai ƙarancin magana, shi ya ara mana fartanya ya ba mu gurguzu, wato irin yakuwar. Ni ina jefawa, Yallaɓai yana bina yana rufewa da dunduniya yadda ake yi a gida. Ya yagi bakin tsohuwar atamfata ya ɗaura a sanda ya kafa, wai don a san gonar Baƙauyiya ce.

Ran Asabar muka shuka. Ran Talata aka kira ni.

Na shiga takaba. Wata huɗu da kwana goma, ba kwalli, ba turare, ba fita. Wasu a nan dole ke sa su fita aiki, ni kuwa sana'ata a ɗaki take, cincin da dambun nama nake yi wa matan Hausawa, suna zuwa har ƙofa su karɓa. Don haka na zauna. Hijabi ɗaya mai ruwan toka, shi ne na safe shi ne na yamma. Takalmansa na aiki suna bakin ƙofa inda ya saba cire su. Asabar ce ta fi yi mini nauyi. In na idar da asuba sai in ji kunnena yana jiran ƙarar makulli.

Gonar kuwa ban bar zuciyata ta je can ba. Na san zafin Yuli a garin nan. Na ce ta bi mai ita.

Abinci ya ƙi wuce mini. Har wata Asabar Maman Abby ta shigo da leda ta ajiye a kan tebur. Yakuwa ce ɗanya sharaf, da sauran ƙasa a gindin wasu ganyen.

"Daga ina?"

"Ke kin cika tambaya kamar ɗan sanda. Tashi ki yi mana gwate."

"Fate dai."

"A Zariya ne fate. A gidan ubana gwate ne. Tashi!"

Na tashi na yi faten tsaki. Ranar na cinye kwano guda. Daga nan duk Asabar sai leda ta zo. Na ɗauka daga kantin 'yan Afirka take sayowa, har nakan ce ta daina wahalar da aljihunta, sai ta ce in rufe mata baki. Faten nan shi ya riƙe ni har na fita.

Gida kuwa ba su bar ni na huta ba. Yaya Sadiyya, wadda nake bi, saƙon murya take turowa a jere, in na buɗe wani, wani ya shigo.

"Furera, kina fita takaba ki haɗa kayanki. Me za ki zauna yi? Ba miji, ba ɗa, ba dangi. In kin kwanta ciwo wa zai ɗaga ki?"

Na Yaya ina iya haɗiyewa. Na Inna ne yake karya ni, don ita ba ta faɗa. A hankali take magana.

"Ɗan ƙanena ya tafi, ban ga gawarsa ba, ban san inda aka sa shi ba. Ke kaɗai nake roƙo, ki dawo inda idona zai riƙa ganinki. Na tsufa, Furera."

Me zan ce? Na ce to, Inna. Mijin Yaya ya yanki tikiti na ƙarshen Oktoba, ta turo mini hotonsa. Na sauko da akwati daga saman kwaba na buɗe shi a tsakar ɗaki.

Ranar da na fita takaba mata sun zo daga unguwannin Fort Washington da Upper Marlboro, aka yi addu'a, aka raba waina. Aka yi mini kitso, aka sa mini lalle. Na sa atamfa shuɗiya mai zanen ganye, na ji ta a jikina kamar ta aro. Asabar ɗin da ta biyo baya, da safe, sai ga bugun ƙofa. Maman Abby ce, tana kaɗa makulli.

"Ɗaura ɗankwali."

Na riƙe ƙofa. "Ina za mu?"

"Ba a tambaya. Ko ba ke kika ce mini haka dokar take ba?"

Muka haye gadar Wilson, kogi yana ƙyalli a ƙasa. Ina ta kallon taga. Da muka bar babban titi muka shiga tsakanin gonaki, na gane hanyar.

"Maman Abby, don girman Allah juya."

"Ba zan juya ba."

"Ba na son in ga busasshiyar ciyawa a inda ya taka. Ki bar ni da yadda na san wurin."

"In kin gani ba ki so, ki zage ni har gida. Na yarda."

Ta tsaya a bakin shinge. Na fito. Sandar na fara hangowa, da ƙyallen atamfata, rana ta cinye launinsa. A bayanta kuwa, kunya uku, yakuwa ta yi tsayi har kafaɗata. Jajayen karare, ganye kore shar, furanni farare masu jan ciki sun buɗe. Ko ciyawa ɗaya babu a tsakani.

Wani mutum yana tsugune a ƙarshen kunya da bokitin ban ruwa, takalmin roba har gwiwa, hula ta sha rana. Ya miƙe, ya goge hannu a wando, idonsa a ƙasa. Shi ne wanda ya ara mana fartanya. Malam Ɗanliti sunansa, mutumin Funtuwa, bas ɗin 'yan makaranta yake tuƙawa. Matarsa ta rasu shekarun baya, wannan daga baya na ji.

"Hajiya, ina kwana. Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya jiƙan marigayi, Ya sa ya huta."

"Amin. Malam, wa ya yi wannan aikin?"

"Ruwan Allah ne ya fi yawa."

"Ji shi!" in ji Maman Abby. "Wane ruwa aka yi a Yuli? Duk hutun makaranta a nan ya ƙare shi, shi da bokitin nan. Ke kuma, da kike cewa in daina wahalar da aljihuna, wane kanti kika taɓa gani yana sayar da yakuwa da ƙasa a gindi? Shi yake tsinkowa ya kawo mini har ƙasan benenmu."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba, da sabuwar atamfata. Ashe duk watannin nan abin da dunduniyar Yallaɓai ta rufe nake ci. Ina ɗaki ina cewa bai bar mini komai ba sai takalma, ashe shi yake ciyar da ni duk Asabar, ranar da ya saba. Na kama karan da ke kusa da ni na kifa goshina a kai. Kukan da ban yi ba ranar wayar, ranar na yi shi. Ba wanda ya ce in yi shiru. Malam Ɗanliti ya juya baya ya koma can nesa yana gyara wata sanda da ba abin da ya same ta.

Da na natsu na share fuska, na ce, "Malam, me ya sa ba ka ce a faɗa mini ba?"

"Kina cikin takaba, Hajiya. Ba ya kyautuwa namiji ya aika miki da sunansa. Na roƙi Maman Abby ta riƙe bakinta."

"Kuma kin san yadda na sha wuya?" in ji ta. "Ni da magana ba ta kwana a cikina!"

Ya zagaya da mu yana nuna mini. Ya ce ganye an ci, saura zoɓo, shi kuma sai ƙarshen Oktoba zai cika. In an yi sa'a ya riga sanyin farko, wanda raɓa ke daskarewa ta ƙone shuka a dare ɗaya, to za a sami zoɓo, a bar wasu su bushe a fitar da gurguzu.

"In an ajiye irin, baɗi ma shukar marigayi ce za ta fito," ya ce. "Sai dai Madam Constance tana tambaya. Akwai masu jiran wuri. In ba za ki riƙe kunyoyin ba, za ta nome su ta ba wani."

"Ƙarshen Oktoba zan tafi gida, Malam."

Ya sunkuya ya cire wata ciyawa da ni ban ma gan ta ba.

"Allah Ya sa haka ne mafi alheri." Ya jujjuya ciyawar a hannu. "Ni dai ban ruwa na iya, Hajiya. Amma fate ya gagare ni. Duk wanda na yi, kunu yake zama."

Maman Abby ta kama tarin da ba na Allah ba, ta juya tana duba sararin sama. Ni kuwa na ji kunnuwana sun yi zafi. Haushi ya kama ni, na rasa na wa: nasa, ko nawa da na ji dariya tana son kuɓuce mini. Lallen fitata ko bushewa bai gama yi ba. Na ja mayafi na ce rana ta yi, mu tafi.

Har mun shiga mota ya biyo mu da gwangwanin tumatir babba, an huda gindinsa. 'Yar yakuwa ce a ciki, tsawon taƙi biyu.

"Wannan a gefen sandar ta fito ita kaɗai. Na ce ko za ta yi miki a baranda."

Da yamma na kira Inna na ba ta labari. Ta saurara har na gama.

"Allah Ya saka wa bawan Allahn nan. Amma Furera, yakuwa ce babu a Zariya? A bola ma fitowa take."

"Ba irin wannan ba, Inna."

Ina jin kukan awakin gidanmu ta cikin wayar, ina jin ana kiran magariba... a'a, isha ce a can. Ƙirjina ya cika da son in gan ta, in kwanta a kan tabarmarta. Allah Ya sani ina son gida. Amma a Zariya ba wanda ya san ganuwar bakin kogi, ba wanda zan ce wa "ka tuna ƙafar ƙaguwa?" Duk inda Yallaɓai ya yi dariya da ni a matsayin mijina, a nan yake, cikin tafiyar da ba ta kai awa guda ba.

Bayan kwana biyu saƙo ya shigo daga sabuwar lamba.

"Salamu alaikum Hajiya. Ɗanliti ne, Maman Abby ta ba ni lambar, a yi mini afuwa. Madam Constance ta sake tambaya. Na ce ta ɗan jira. Ni ma ina jira."

Na karanta na kife wayar. Na ɗauka na sake karantawa. Na rubuta "na gode" na goge. Na rubuta "zan tafi" na goge. Na dubi akwati a buɗe, na dubi takalman bakin ƙofa. Sannan na yi bisimilla na rubuta:

"Wa alaikumus salam. Ka ce mata ta bar mini su."

Alama ta nuna ya gani. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Can sai ga kalma ɗaya: "Alhamdulillahi."

Ban ce masa komai game da fate ba, kuma kar ku tambaye ni, ni ma ban sani ba tukuna.

Na faɗa wa Yaya Sadiyya a ɗaga tikitin. Saƙonninta ban iya kawo muku su nan ba. Na ƙarshen dai gajere ne, shi ya fi tsorata ni: "Shi ke nan. Inna ta kai maganar gaban Kawu. Ran Juma'a in an sauko daga masallaci zai kira ki da kansa." Kawu, mahaifin Yallaɓai. Mutumin da tun da nake ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba, balle in ce masa a'a. Ban san ko zai ji ni ba in na ce masa ɗansa ya bar shuka a ƙasa, ba a girbe ba.

Akwatin yana nan a buɗe, ban ƙara kaya ba, ban kuma fitar ba. Gwangwanin yana baranda, gefen da rana ke fara taɓawa. Kullum in na yi alwalar asuba ba na ƙarar da ruwan butar. In na idar da salla sai in fita da sauran, in tsuguna in zuba wa yakuwar a gindi a hankali, in danna ƙasar da yatsa.

"Yallaɓai," nakan ce, "Baƙauyiya ta tashi. Yau ina za mu?"